Sifanar da Na Ɗauko Daga Jirgin Ɗana

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, shekarun baya, lokacin ina tsaron wani shagon kayan abincin gida a Sri Petaling, nan Kuala Lumpur. A lokacin na fara koyon karatu da furfurata, duk Asabar Madam Rifkatu, wata 'yar Filato mai digiri na uku, takan zaunar da ni a shagon mamak, irin wurin shan shayin Indiyawan garin, mu yi ta haɗa baƙi.

Ɗana na fari sojan ruwa ne, makanikin helikwafta, an tura shi kwas a jirgin yaƙin wata ƙasa. Ya turo min hotonsa: jirgi toka-toka, samansa shimfiɗe kamar filin idi, helikwaftoci a jere, bayansa kuma yana buɗewa ƙananan jirage su fito daga cikinsa ɗauke da sojoji. Ya taɓa gaya min dokarsu: kowane ƙarfe yana da gurbinsa a akwati, in ɗaya ya ɓata, babu mai tashi sai an gan shi.

Wata Laraba bayan la'asar ina cikin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ruwan nan na garin ya sauko, gari ya yi fari fat. Ban yi barci ba, na rantse. Sai ga jirgin yaƙin nan yana tafiya a hankali tsakanin dogayen benaye, a garin da ba teku, ba ƙara ba motsi, kamar gajimare. Ban san yadda aka yi ba, na ji ni tsaye a kansa da silifas, iska mai gishiri tana kaɗa min riga. Ga yaron nan can a durƙushe gindin helikwafta, mutane sun jeru da jakunkuna za su shiga, shi ma an miƙa masa hular tafiya. Ni da ban taɓa kiran sunansa ba don kunyar ɗan fari, ranar na kira. Bai waiwayo ba. Kusa da ƙafata ga wata 'yar sifana, sai na duƙa na ɗauka don in miƙa masa.

"Uncle, last station lah," in ji wani Bamalaye yana taɓa kafaɗata, wai LRT ya iso tashar ƙarshe. Na buɗe hannu, ga sifana a jiƙe. Na lasa yatsana, gishiri!

Kwana uku ba na iya cin abinci, sannan ya bugo waya.

"Baba, ku yi sadaka. Ran Laraba sifanata ta ɓata, aka hana mu tashi, oga kamar ya cinye ni. Garin nema aka buɗe injin, sai ga wani ƙarfe a tsage. Da mun tashi, da a ruwa za a neme mu."

Na ce, "Kai, tana da lamba?"

"Tana da. Me ya sa?"

Na kawo ta kusa da ido, na bi da yatsa yadda Madam ta koya min, na karanta masa: B, ɗaya, huɗu. Sai na ji ya ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Tana nan a akwatina cikin tsumma. Duk sanda aka yi ruwan la'asar nakan same ta da danshi, har yau ban gaya wa Madam ba. Ni dai shawarata, in wani abu ya ɓata muku ya hana ku tafiya, kada ku zagi kowa. Ba ku san hannun da ya ɗauka ba.