Kafaɗar Gwaggo da Giyar Hannu

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana tura motar mijinta. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, da ita yake ɗauko buhunan hatsi daga ƙauyukan bayan dutse, inda ba kwalta. Batirinta bai taɓa kwana da rai ba, shi kuma bai ga dalilin sayen sabo ba. Kullum da safe sai ya ɗare kujera ya leƙo ta taga: "Ku zo ku ɗan taɓa mini." Gwaggo ta yar da tsintsiya, ta ɗaure zani, ita da 'ya'yanta mata uku su sa kafaɗa. 'Yan matan suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, turi ya rage mata ita kaɗai, har ya zama ba ta iya ruku'u sai ta dafa bango.

Da giyar motar ta lalace, bakanike ya ce yana da biyu a ƙasa, ta hannu da atomatik. Babbar 'yarta ce ta tsegunta mata cewa atomatik ba ta tashi da turi. Gwaggo ta figi mayafi sai gareji.

"Me ya kawo ki nan?" in ji maigidan.

"Bayana ya kawo ni." Ta juya ga bakaniken. "Ɗana, tsakaninka da Allah, atomatik ɗin nan ana tura ta?"

"Ko unguwa guda ta taru, Mama, ba za ta tashi ba."

"To ita za ka sa."

Maigidan ya daka tsalle. "Ke me kika sani a mota? In ta mutu mini a daji fa? Ta hannu ko ba batir, turi kaɗan ta tashi!"

"A daji kana da ƙartin ƙauye, a gida kana da jaka, ko? Sadakin turi ka biya?"

Bakaniken ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ɗaya ce: a gangaren dutse da lodi, giyar hannu ce ke riƙe mota, atomatik kuwa sai an sauya rabin kayan cikin wannan tsohuwa.

"Duk bakinku ɗaya," in ji Gwaggo. Ta fice tana huci. Aka sa ta hannu.

Ranar da motar ta dawo aiki, 'yan kasuwa na jiransa, ya leƙo ya yi kiran da ya saba. Gwaggo ta fito, ta wuce bayan motar, ta buɗe ƙofar direba.

"Sauka."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Giya ta biyu, a danne kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Har a mafarki ina jin ka kana faɗa. Sauka, ko hatsin ya kwana a can."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa sai matan maƙwabta a bakin ƙofa. Ya sauka, ta hau kujera, ya naɗe riga ya sa kafaɗa.

Motar ta ɗauki gudu tun kafin su wuce gida na biyu. Gwaggo ba ta saki ba.

"Saki mana! Ke! Saki!"

Ƙafarta na kan kuloci, idonta na kan madubi, tana kallon jijiyar wuyansa. Suka wuce shagon tela, suka wuce famfo, hularsa ta faɗi a kwata. Sai a bakin babban titi ta ɗaga ƙafa, injin ya yi tari ya kama.

Ta cire giya, ta ja birkin hannu ta sauko. Yana durƙushe, hannu a ƙugu, numfashi ya ƙi fita.

"Gobe har kasuwa," ta ce, ta wuce gida.

Da la'asar ya shigo da sabon batir a kansa, bai yi wa kowa sallama ba.