Man Inji a Dutsen Inna

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na zauna a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Abin da zan faɗa dai haka ya faru.

A shekarun da masana'antun Challawa ke aiki ba dare ba rana, muna haya a Panshekara. Maigidana yana kamfanin jima, ɓangaren da ake datse gefen fata. Ni kuma ina ƙosai da alala a ƙofar gida, masu tafiya aikin safe su saya, waɗanda suka sauko su saya. A dutse nake markaɗa wakena. Akwai inji a bakin titi, amma sai ka je da jiƙaƙƙen wake a ce babu wuta, ko a zuba maka shi bayan tattasan wata.

Dutsen na Innata ne, ita ma a wurin uwarta ta gada. A kan jaki aka kawo mini shi daga ƙauyenmu bayan rasuwarta. Tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, gefensa ɗaya kuwa ya yi sumul saboda shekarun da hannuwan mata suka yi suna dafa shi. Ban gaji zane ko tasa daga Inna ba. Wannan dutsen ne kawai.

To, maigidan nawa yana da wata cuta, shi da abokansa uku: wuƙar ninkewa, irin ta aljihu. Akwai wani fita da ke gyaran injin masaƙa a Bompai, akwai wani Badamagare abokin aikinsa, sai wani dattijo mai gadin sito a Sharaɗa da muke kira Baba. Duk Lahadi da hantsi suna zaurenmu. Ba zancen aiki, ba zancen iyali. Wuƙa.

Ina tsakar gida ina wankin wake sai na ji fitan ya fara:

"Malam, fito da 'yar Jamus ɗin nan taka, ko har yanzu barci take?"

"Barci? Kasa kunne." Sai ka ji ƙas, maigidana ya rufe ta.

"Wannan ai tari ne. Sifirin da ke rufe ta ya mutu, a yi masa sutura."

Badamagaren ya ce, "Ku da wuƙaƙen kanti! Tawa a gabana maƙeri ya ƙera ta, ƙotar ƙahon rago ce."

"Shi ya sa take tunkuyi maimakon yanka," in ji Baba.

Su kwashe da dariya, har da buga ƙafa. Suna da dokokinsu kamar masu shari'a. Ba a miƙa wa mutum wuƙa a buɗe. Ba a gwada kaifin ta wani sai da izini. Gwajin kuwa a gashin hannu ake yi, shi ya sa hannun hagun kowannensu fes yake kamar na jariri. Kuma me ake yankawa da wannan uban kaifi? Goro. Rake. Asuwaki. Ni da nake yanka albasa kwando guda, wuƙata ko ƙota ba ta da ita, tsumma na naɗa mata, kuma babu wanda a cikinsu ya taɓa cewa kawo a wasa miki.

Da damina ta kama, rufin madafina ya fara yoyo, sai na sa aka mayar da dutsen lungun zaure, ina yin markaɗena a can da sassafe. Lahadin farko Badamagaren ya hango gefen nan mai santsi. Ya tofa yawu, ya goga wuƙarsa, ya gwada a hannu, ya yi salati. Kafin azahar dukkansu sun durƙusa a gaban dutsen kamar masu neman gafara.

Da suka watse na ce wa maigidana, "Malam, abinci nake yi a dutsen nan. Abincin da mutane ke ci. Ga yawu, ga baƙin ƙarfe."

Ya ce, "Ai ruwa zai wanke. Kuma gefe ne kawai, ba su taɓa tsakiya ba."

Na wanke. Lahadi ta zagayo, na sake wankewa. Na kifa masa kwando, suka ɗage. Na ɗora masa turmi, suka sauke, har Baba yana leƙowa yana cewa, "Uwargida, Allah ya ji ƙan mai dutsen nan, ta bar abin alheri." Ya zan yi da dattijo mai yi wa uwata addu'a? Na ce amin, na haɗiye.

Sai ƙanwata ta haihu, na tafi suna ƙauye na kwana biyu. Ranar da na dawo, tun daga ƙofar zaure na ji wari kamar na shiga gareji. Dutsen ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi. Ba gefen kaɗai ba, har cikin lotsawar man ya gangara ya kwanta. Ashe fitan ne ya zo da man inji a kwalba, ya ce musu a wurin aikinsu ba a wasa ƙarfe da yawu, wannan aikin ƙauyawa ne, da mai ake yi. Suka tuttula. Da suka ga dutsen yana shanyewa, suka ƙara, wai yana jin ƙishirwa.

 Na dafa ruwa na zuba. Na dirje da toka, na dirje da sabulun salo, na dirje da yashi har fatar yatsuna ta saɓule. Na ɗauki makoɗi, ɗan dutsen nan da ake sassara fuskar dutsen niƙa da shi, na koɗe tsakiyarsa kaf. Ya yi fari, na ce alhamdulillahi. Da safe na markaɗa wake na soya. Wani mai aikin rini da bai taɓa tsallake ƙofata ba ya gutsura, ya tauna, ya juya baya ya tofar.

Ya ce, "Yaya, yau a injin Bompai aka soya?"

Na ɗanɗana. Man yana nan. Dutse yana da ƙofofin da ido ba ya gani, abin da ya shiga ya shiga. Na kwashe ƙosan na zuba wa kaji, su ma suka bi ta gefe.

Lahadi na bari suka hallara, hira ta yi daɗi. Fitan yana cewa, "Yanzu tawa ko sauro ya sauka a bakinta sai ya rabu biyu." Na yafa mayafi na shiga da ragowar ƙullun a kwano na dire a tsakiyarsu.

Na ce, "Ga shi, ku shafa wa wuƙaƙenku, tunda ku kuka haɗa shi."

Maigidana ya ce, "Ke, a gaban baƙi?"

"Baƙi? Baƙon da ya san inda dutsena yake, ya san sauke turmi? Malam, kai ko farce ba ka yarda a yanke da wuƙarka. Ranar da na ɗauke ta na ɓare rogo, yini ka yi ba ka yi mini magana ba. Ku an ce ba a taɓa ta wani sai da izini. To ni wa ya nemi izinina? Ko dokar ta tsaya a aljihun maza ne?"

Fitan ya ce, "Uwargida, wallahi gyara muka yi nufi. Ai mai ba ya ɓata dutse."

"Ka taɓa cin abin da aka niƙa a dutsen wurin aikinku?"

Ya shiga buɗe wuƙarsa yana rufewa. Badamagaren ya sunkuyar da kai. Baba ya ce a yi haƙuri, a hura wuta a kan dutsen, zafi zai fitar da man, haka ake yi wa sabuwar tukunya.

Da ina cikin hankalina da ban saurari shawarar kowa a zauren nan ba. Amma ina son dutsena. Washegari na sa aka fito da shi tsakar gida, na tara kara a kai na kunna. Baƙin hayaƙi ya tashi, man ya fara tsattsafowa, har na fara murna. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Ya tsage gida biyu, daga wannan baki zuwa wancan.

Na zauna a ƙasa. Dutsen da ya ci hannun kakata, ya ci na Inna, ya zo hannuna ya mutu saboda a yanka goro.

Abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa shi ne Lahadin da ta biyo. Suka dawo, suka yi mini jaje kamar mutanen kirki. Can sai maigidana ya shigo yana sosa ƙeya.

"Wai su Baba ne ke cewa, tunda dai ya riga ya fashe, ɓarin nan mai santsi, in ba abin da za ki yi da shi..."

Na dube shi har ya kasa ƙarasawa. Na ɗaga murya yadda na zaure za su ji, na ce, "Ka gaya musu ina da abin da zan yi da shi."

A gabansa na ture duwatsun murhuna biyu, na mirgino ɓarin dutsen Inna duka biyun na kafa a gurbinsu, fuskar nan mai santsi tana kallon wuta. Na ɗora tukunya. Daga ranar nake bin layi a injin bakin titi da bokitin wakena, in an ɗauke wuta in dawo da shi ya yi tsami. Su kuwa suka koma zauren fitan da hirarsu. Maigidana bai fasa zuwa ba, kuma har ya bar duniya bai ce mini ya yi kuskure ba.