Baba Yana Ƙasa

Shekara shida na yi ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke bayan titin Wendover Avenue a nan ƙasar Turawa, kuma a duk tsawon lokacin Bahaushe ɗaya tak aka taɓa kawo mana. Ɗansa ne ya ɗauko shi daga gida Najeriya bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ya riƙe shi wata uku, aiki ya sha kansa, ya kawo mana shi. Daga baya aka yi wa ɗan canjin wurin aiki zuwa wata jiha, sai dai waya ranar Lahadi.

Baba ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Ranar da na fara shiga ɗakinsa na ce, "Baba, ina wuni?" sai ya zuba min ido, ya ce, "Sake faɗa, 'yar nan." Na sake. Ni ma ɗin ba wani gata gare ni ba, a gida ina yi wa 'ya'yana Hausa suna mayar min da Turanci. Wallahi saboda hirarsa nake ɗokin zuwa aiki.

A gidan akwai doka, kuma ba ta banza ba ce: duk tsohon da aka tarar a ƙasa, faɗuwa ya yi, ko da shi ya ce ba haka ba ne. A auna jininsa, a haska idonsa, a cike takarda, a buga wa dangi waya. Masu duba gidajen tsofaffi daga gwamnati in suka zo, takardun faɗuwa na cikin abin da suke fara tambaya.

To, shi kuma Baba ya kafe ba zai yi salla a kujera ba muddin goshinsa zai iya kaiwa ƙasa. Sai ya dafa gado da hannunsa mai lafiya, ya zame a hankali kan sallaya. Sau uku a sati guda ana tarar da shi a sujada, a rugo a cicciɓe shi a tsakiyar salla a ɗora a gado, ana ta surutu a kansa. Suka ɗaura masa abin hannu ruwan ɗorawa, alamar mai yawan faɗuwa. Suka shimfiɗa ƙararrawa a ƙarƙashin zanin gadonsa, da ya ɗaga sai ta ɗauki kuwwa. Sallayar kuma aka naɗe aka ɗora saman kabad, wai za ta harɗe masa ƙafa.

Na same shi zaune yana kallon saman kabad ɗin. Ya ce, "'Yar nan, me na yi musu? Ko a kurkuku ai ana barin mutum ya kai goshinsa ƙasa."

Raina ya yi mummunan ɓaci. Ni dama ba ni da haƙuri, kowa a gidan ya san ni. Na wuce ofishin babbar nas, Baturiya ce mai kirki amma ba ta wasa da takarda. Ta ce doka ce. Na ce dokarku ba ta san salla ba. Na jawo tawul na shimfiɗa a tsakiyar ofis, ni da girmana, na nuna mata tsayuwa da ruku'u da sujada, sauran ma'aikata suna leƙe ta ƙofa. Na ce musu, in kun gan shi kan sallaya fuskarsa wajen taga, kada wanda ya taɓa shi, kada a yi masa magana, ku ja ƙofa ku wuce.

Babbar nas ta so a rubuta cewa sai da ma'aikaci tsaye a ɗakin har ya idar. Na ce haba, sau biyar a rana, wa ke da wannan lokacin, ma'aikaciya ɗaya da tsofaffi suka fi ƙarfinta? Kuma dattijo ne, ba ya son a tsaya masa a ka. Da ƙyar ta yarda. Aka cire ƙararrawa, aka sauko masa da sallayarsa. Wata biyu yana salla ba mai damunsa, yana sa min albarka, ni kuma ina jin na yi abin kai.

Ranar hutuna ce, ina wani kantin kayan abincinmu a titin Gate City ina zaɓar masa dabino, aka kira ni. Baba yana sauka don sallar azahar hannunsa ya zame, ƙugunsa ya karye. Kan sallayar ya faɗa, rub da ciki, kansa wajen taga. Mutum uku suka leƙa, mai kawo abinci da mai shara da nas ɗin da ke aiki. Kowacce ta ji yana magana ƙasa-ƙasa, ta ja ƙofa a hankali ta wuce. Ɗaya ma har da rage ƙarar talabijin ɗin ɗakin kusa. Sai dab da la'asar aka lura bai taɓa abincinsa ba.

Babbar nas ba ta ɗora min laifi ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na tafi asibiti da dabinon a jaka. Yana kwance shi kaɗai, ya ƙara ƙanƙancewa a gadon, likita ya ce da wuya ya sake tsayawa da ƙafarsa, balle sauka ƙasa.

Ya ce, "Na yi ta kira, 'yar nan. Sai su buɗe, su gan ni, su rufe. Fushi suke da ni ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Girmama ka suke yi."

Ya dube ni, bai gane ba.

Na ce, "Ni na koya musu."