Baturen da Kaka Ta Kora

Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaya a hankali, ɗaya da ƙarfi, sai gabana ya faɗi. Kada ku yi dariya tukuna.

Ina aji huɗu a sakandare aka kawo mana malamin adabin Turanci mai rular katako. Ya ce baitin Turawa ɗingishi yake yi: gaɓa mai sauƙi, gaɓa mai nauyi. Ni kuwa a kunnena duk nauyinsu ɗaya. Ya ce ranar Litinin duk wadda ta kasa nuna inda nauyin yake, a tafin hannunta za ta ji shi, gaban kowa.

Damina ce, gidanmu na Sauka Kahuta duk warin jiƙaƙƙen itace. Na ɓuya bayan madafa, na rufe ido, ina gyaɗa kai, ina dukan ƙirji, ina nanata baiti ɗaya. Ashe kakata na tsaye a kaina.

"Innalillahi! Sun shige ta!"

Kafin in buɗe baki, maƙwabciyarmu mai doya ta danne ƙafafuna tana kiran Yesu. Kaka ta lulluɓe ni da zane, ta turo kaskon hayaki.

"Kaka, karatu ne!"

"Haka suke cewa. Wannan aljanin Bature ne, tun shimfiɗa layin dogo yake yawo, ba ya jin Hausa."

"To da wane yare za mu kore shi, Mama?" in ji maƙwabciya.

"Na hannu."

Ta hau bubbuga bayana, hagu a hankali saboda ciwon kafaɗa, dama da iya ƙarfinta. Don tsoro baitin ya riƙa fita da kansa, sai na ji kowace gaɓa mai nauyi tana sauka tare da hannun dama.

Ranar Litinin na miƙe ina warin hayaki. Bayana ya tuna mini kowace gaɓa. Malam ya ajiye rula, ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce kakata. Ya ce lallai mace ce mai ilimi.

Kaka ta rasu tana alfaharin ta kori Bature. Yanzu ƙannena a kaset suke jin baitocin, ba hayaki, ba kuka. Ni dai har gobe ba na karanta Turanci sai na jingina bayana da bango.