Jikkar da ba mu kwance ba

A gidanmu jikka muke cewa. Na ji mutanen kudu suna cewa jaka, abokaina na lakkol, wato makarantar boko, kuma sak suke ce wa tasu. Lokacin da nake jami'a na ɗan bi diddigin kalmar. Wani ya ce daga Larabci ta zo, wani ya ce daga bakin Buzaye, ni dai ban samu abin da zan dafa ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Abin da na sani shi ne, a wurin Inna, jikka ta fata ce, mai igiyar zuge baki. Sauran duk buhu ne.

Ita ta ɗinka wa ƙanena tasa, shekarar da ya bi masu neman zinariya zuwa Jado. Can rezon waya sai an hau tudu, saboda haka shirunsa bai dame mu ba da farko.

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani mai mota ya yi sallama a ƙofarmu ya miƙo mini jikkar. Na gane ɗinkin tun kafin ta iso hannuna.

"Ina mai ita?"

"Wallahi, malam, ni ma ba ni aka yi a hanya. An ce gidan mai ɗinkin fata, bayan tsohuwar kasuwa."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma bai yarda mun haɗa ido ba, ruwan da na kawo masa ma bai sha ba.

Duk wanda ke da ɗa a wajen zinariya ya san abin da ake nufi idan jikka ta dawo ita kaɗai. Kuma a wurinmu, ko in ce a gidanmu, ba a kwance jikkar mai rai. Ta mamaci ake kwancewa, a gaban dangi. Inna ta karɓe ta, ta rataye ta a ƙusar da take rataye dardumarta.

Na yi ta zarya zuwa tasha. Wani ya ce ya gan shi ya nufi arewa, wani ya ce rami ya rufta da wasu samari, amma bai san sunayensu ba. Kowace magana sai na dawo da ita gida in rasa wadda zan gaya wa Inna.

Da shirun ya yi tsawo, Kawu, wan Inna, ya zo ya zauna a zaure.

"Kai ne babba, kai ka yi karatu. Sauko da ita mu gani, ko a yi masa sadaka."

Na sauko da ita. Ta bayan fatar na shafo tufafi, da tocila, da wani abu kamar cokali. Butar shayinsa ba ta ciki, shi da ba ya rabuwa da ita. Mai yiwuwa tana hannunsa. Mai yiwuwa kuma wani ne ya ɗauke. Inna tana tsaye bakin ƙofa, idonta a kan ƙullin igiyar.

"Kawu, ka yi haƙuri," na ce. "Ba ni da tabbas."

"Tabbas? Sai yaushe?"

Na mayar da ita kan ƙusar.

Tana nan har yau. Inna takan shafa mata man shanu kada fatar ta tsage. Ni kuwa, in mota ta tsaya a ƙofarmu, sai in kasa kunne har sai na ji ta wuce.