Rakiyar Baba Sale zuwa Doguwa

Kano

Mun fita kafin assalatu, ni da Baba Sale, tsohon ɗan dako da muke kwana rumfa ɗaya a bakin tashar mota. Cin rani ya kawo shi birni. Buhun gyaɗa ya karya masa baya, mai gidan haya ya jefo masa tabarmarsa waje, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi shekara da shekaru. Duk mu 'yan rumfa labarinmu ke nan. Damina ta matso, tarinsa ya yi muni, na ce sai gida.

"In suka ce ba su san ni ba fa?"

"Mu dawo, Baba. Rumfa ba ta gudu."

Bebeji da Kiru

A kan buhunan gishiri karen mota ya ɗora mu. A Bebeji ɗan doka ya nemi takardar haraji, ya dubi Baba, ya ce, "Wuce, tsoho, kai Allah ya riga ya karɓi naka." Wajen Kiru wata Bafulatana ta dama mana fura, ta ƙi karɓar ko anini. Ni da birni ya saba sayar mini da ruwan sha, sai na tsaya ina kallonta kamar wawa.

Tudun Wada

Nan mota ta tsaya. Muka sauka a zauren wani manomi, bai tambayi sunanmu ba sai da muka suɗe kwanon tuwo. Da safe ya haɗa mu da masu jakai. Dajin Falgore kuwa, subhanallahi! Itatuwa sun rufe rana, ga duwatsu can gaba kamar an jera giwaye.

Doguwa

Ƙauyensu na gindin dutse. Baba ya yi sallama. Wani tsoho mai ido ɗaya ya fito, Jibo, taubashinsa. Ya ƙura masa ido, ya ja da baya.

"Sale? Kai, ɗan banza! Mun yi sadakar arba'in ɗinka, ni na cinye wainar!"

"Amayo ta, maye."

Suka rungumi juna suna kuka. Amma gidan ubansa ya zama kufai, sai katangar ɗaki guda ba rufi, ga hadari ya taso daga gabas. Na ce a raina, to, an gama, sai rumfa.

Jibo ya sa aka buga gangar gayya. Can sai na hango jinka guda, sabuwa fil, tana tahowa a tsakiyar gona da ƙafafun mutane a ƙarƙashinta, suna waƙa. Daga kan ɗakin da Jibo ya gina wa kansa aka ɗago ta. Suka ɗora ta a katangar, ta zauna daram kamar an auna. Mata suka share, aka hura wuta. Ruwa ya kece, Baba na zaune a ciki yana ɗaga kai, ko ɗigo babu.

Komawa

Kwana uku bayan nan na iso Kano bayan la'asar, lafiya lau. Godiya ga Allah, da Jibo, da masu jakai. Masu cewa a kore mu daga bakin tasha, su fara tambayar kowa garinsu, su ba shi ɗan rakiya. Ni dai har yau ban sami mai cewa da ni "tashi in raka ka gida" ba.