Sabon Takalmi a Hanyar Bagale

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Yola, mu uku: ni da ƙanwar maigidana, wadda yara ke kira Goggo, sai ɗana na fari. Ƙauyenmu na bayan Dutsen Bagale muka nufa, zai je kakansa ya sa masa albarka. An aiko daga Maiduguri an ɗauke shi aikin gadin daji, amma da sharaɗi: mako mai zuwa za a fita da su tafiyar gwaji a ƙafa, wanda ya kasa kuma a sallame shi.

An ba shi takalmin aiki, baƙi, mai tsawo har idon sawu, fatarsa kamar busasshen ƙirgi. Tun da ya karɓo yake cikin akwati, wai kada ya tsufa. Ran nan ya fara saka shi don kakansa ya gani.

Motar kasuwa ta sauke mu a Jimeta, muka gangara bakin Binuwai. Ruwa ya ja baya, kifi ya yi araha, muka sayi busasshe na tsaraba. Mai kwalekwale ya dubi ƙafar ɗana ya ce, "Soja, zauna tsakiya, kada takalminka ya nutsar da mu." Kowa ya yi dariya, shi kuwa sai ƙara miƙe wuya yake.

Daga tsallake sai tafiyar ƙafa. Yashi da farko, sannan gonakin dawa da aka girbe, da auduga ta yi fari fat. Yana gaba, muna biye. Da rana ta ɗaga na ga tafiyarsa ta canza, yana taka ƙafar dama da gefe, yana ɗage diddige. Na san ba zai taɓa faɗa ba. In diddigen nan ya ɗuri ruwa ya fashe, ba zai warke kafin ranar gwaji ba.

To, kun san al'adarmu. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, balle a kan hanya in ce masa ɗana, ƙafarka. Na yi ta juya abin a raina har muka iso wata tsamiya, inda wata Bafulatana ke sayar da nono. Na ce na gaji, na zauna.

Na dubi Goggo na ce, "Goggon yara, a cikinmu akwai wanda takalmi ke ci."

Ta dubi nata silifas, ta dubi nawa, ta kwashe da dariya. "Kai, gwamnan daji! Cire mu gani."

"Lafiyata ƙalau, Goggo."

"Ƙalau ɗin ne kake tafiya kamar agwagwa? Cire, ko in cire maka a gaban mai nono."

Ya cire. Ashe ko safa bai sa ba, tana aljihu, ita ma ana adana ta. Diddigen ya yi ja, amma Allah ya taimaka bai tashi ba. Na sayi man shanu na miƙa wa Goggo, ina kallon dutse ina faɗa mata yadda za a yi: a shafe cikin takalmin ta wajen diddige, a murza fatar da hannu har ta yi laushi, a bar ƙafa ta bushe. Mai gonar kusa ya ba mu auduga, aka cire ƙwayar, aka shimfiɗa a inda ya yi ja, safa ta hau kai. Goggo na maimaita maganata da ƙarfi kamar daga kanta ta fito. Shi kuma yana cewa, "To, Goggo," alhali duk ya ji daga inda take zuwa.

Sauran hanyar rabawa muka yi: ya ɗan taka da takalmi, ya rataya shi a wuya ya taka da silifas ɗin Goggo, ita kuma ta taka ƙasa ba takalmi tana yi masa gori. Sai da muka hango rumbunan ƙauye ya mayar da takalmin ƙafarsa. Kakansa ya shafa takalmin, ya shinshina, ya ce, "Gwamnati har man shanu take sa muku?" Ya yi masa addu'a mai tsawo. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka da kifinmu, muka kwana.

Washegari muka juyo a hankali, muka iso Yola kafin la'asar. Abin da na koyo, sabon takalmi ba a yi masa doguwar tafiya ranar farko. Kaɗan-kaɗan ake sabawa da shi, kuma tun yana ja ake tsayawa, ba sai ya fashe ba. Sauran kwanakin kullum da safe yakan sa shi ya zaga gari.

Jiya ya dawo daga gwajin, an riƙe shi a aikin. Ya zauna a tsakar gida daidai ƙofar madafa, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafafu wai iska yake sha. Na duba ta gefen ido, babu ko ƙwarzane. Na ƙara masa tsoka a miya.